Gahawa Mai Ƙanƙara a Birnin Saigon

 Makon nan za mu yi doguwar tafiya zuwa gabas, can ƙasar Biyetnam, mu sauka babban birninta na kudu. Tun shekarar 1976 aka sa masa suna Ho Chi Minh, amma har yanzu mutanen garin Saigon su ke ce masa.

Garin nan ba shi da lokacin sanyi. Damina ce daga Mayu zuwa Nuwamba, sauran watanni kuwa rani, kuma kullum gumi. In kin fito da sassafe, abin da za ki fara gani babura ne birjik, kāna ki ga mutane sun jeru bakin titi bisa 'yan kujerun roba gajeru. Gaban kowa akwai tambulan, bisa tambulan kuma an ɗora wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai murfi. Sunansa fin. Gindinsa huje-huje ne kamar rariya, cikinsa kuma da ɗan faifan ƙarfe da a ke danne garin gahawa da shi. In aka zuba ruwan zafi, sai gahawar ta riƙa ɗiga, ɗis, ɗis, har wajen minti biyar, tana sauka kan madarar da ke kwance a ƙasan tambulan. Ba mai gaggawa. Ta gama ɗiga, a dama, a juye kan ƙanƙara. Suna kiranta ka fe suwa da, watau gahawa, madara, ƙanƙara. Kalmar nan da kuwa, a bakinsu, ita ce kuma dutse.

To, ina suka samo wannan dabara? Faransawa ne suka kawo musu gahawa a shekarar 1857. Su Faransawa sun saba sha da madarar shanu, ga shi kuwa ƙasar ba ta da shanun tatsa da yawa, wadda aka samu ma ba ta jimre zafin garin. Sai aka koma ga madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, wadda ba ta saurin lalacewa. Rashi ya kawo madarar gwangwani, zafi ya kawo ƙanƙara. 

Ita gahawar daga kan tuddai ta ke zuwa, wajen garin Buon Ma Thuot, inda ƙasa ta ke ja wur. Bayan gyaran tattalin arziki na 1986 manoma suka duƙufa ga shukarta, har yau ga shi ban da Burazil ba ƙasar da ta kai Biyetnam nomanta. Yawancin irin da su ke shukawa shi ne robusta, wanda ya fi arabika ɗaci, ƙarfin hana barcinsa kuma ya kusa ninki biyu. Shi ya sa madara da ƙanƙara ba su kashe masa ɗanɗano.

Wannan shi ne darasin da ya kamata ki zo da shi gida. Ƙanƙara ruwa ce, za ta narke. In kin haɗa gahawa salam-salam, sai ki tashi da ruwan ɗauraya. Saboda haka ki ninka ƙarfinta.

In ba ki da fin, butar gilashin nan mai sandar dannewa da rariya ta isa. Ki sami gari mai ɗan tsakitsaki, don mai laushi ya kan ratsa rariya. Zuba babban cokali huɗu. Tafasa ruwa kofi ɗaya, ki sauke ya huta minti ɗaya, sa'an nan ki zuba, ki motsa, ki rufe. Bayan minti huɗu sai ki danna sandar a hankali. Kada ki yi mata ƙarfi, ruwan zafi ya kan fantsamo ya ƙona hannu. Nan da nan ki tsiyaye cikin kofi mai madara cokali biyu, gama in ta daɗe kan garin ɗaci za ta yi. Dama sosai, ki cika tambulan da ƙanƙara, ki juye. Ki tabbata da ruwa mai tsabta aka yi ƙanƙarar.

Abu biyu kuma. Mai ciki ta rage sha, kada kuma a ba ƙananan yara. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku sha da yamma da sunan karatun jarrabawa, don yarinyar da ba ta yi barci ba, ba ta riƙe abin da ta karanta.

Ranar da maigida ya yi baƙi da tsakar rana, ki gwada musu. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa.