NA KOMA MAKARANTA, KUMA LARABCI NAKE KARANTAWA

Tun da wasu abokai suka ji cewa na koma karatun digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, tambaya ɗaya ke zuwa mini: "Alhaji, da digirinka da aikinka, ga iyali ga tsadar rayuwa, me za ka ci da Larabci?" Wani ma cewa ya yi da lissafin kuɗi ko shari'a na ɗauka da ya fahimta. Bari in amsa a nan gaba ɗaya, ko wani zai amfana.

Gaskiya ne, wannan digiri ba zai ƙara mini mataki ko ɗaya a wurin aiki ba. Na san haka tun kafin in cike fom. Dalilina daban ne.

Turawa suna da fannin da suke nazarin Latin da Girkanci da tsofaffin littattafansu, don sun ɗauka nan ne tushensu. Jami'ar Ibadan tana da wannan sashe tun kafuwarta a 1948. To mu namu tushen a ina yake? Yana cikin Larabci da ajami. Da su aka rubuta wasiƙun sarakuna, da hukuncin alƙalai, da waƙoƙin Nana Asma'u, da littattafan Abdullahi na Gwandu. Nan kusa da mu Katsina ta yi Ɗan Masani da Ɗan Marina tun ƙarni na 17, ta kuma yi Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Amma dubi halin da muke ciki. Mu 'yan boko na Daura, in za mu kafa hujja kan Bayajida da rijiyar Kusugu, sai mu ruga wajen abin da Bature Palmer ya buga da Turanci a 1928. Tarihin Kano ma shi ya fassara a 1908. Tarihin gidanmu, amma sai da tafinta. A gidaje da yawa na Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa akwai gafaka da adaka cike da rubutun kakanni. Namu gidan ma akwai. Ana girmama su, ba a bari yara su taɓa, amma gara na ci, kuma masu iya karanta irin wannan rubutun hannu kullum raguwa suke yi. Ni dai ban so in miƙa wa 'ya'yana takardun da ni kaina ban san abin da ke ciki ba.

Mun gode Allah, garinmu ya samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri. Muna buƙatar injiniyoyi, babu musu. Amma garin da ake kira tushen Hausa Bakwai yana buƙatar masu karanta takardunsa su ma.

Ga masu tambayar ko karatun NOUN karatu ne, ga ɗan tarihi. Gwamnatin Shagari ta kafa ta a 1983, mulkin soja na marigayi Buhari ya dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita bayan dawowar mulkin farar hula, daga baya shi da kansa ya zama ɗalibinta har ya yi digirin digirgir yana tsoho. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. A 2018 kuma Buharin nan dai namu ya sa hannu kan gyaran dokarta, don a daidaita matsayin ɗalibanta da na sauran jami'o'i.

Yadda abin yake: rajista ta intanet, littattafan darasi ka sauke a waya, ayyukan gwaji ka yi daga gida, jarrabawa kuma galibi ka je cibiya da ƙafarka. Ni Katsina nake zuwa, tafiyar kusan kilomita 80, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun cire tallafin mai a 2023. Ba ka barin aiki, ba ka neman hutun karatu. Amma fa babu malamin da zai bi ka. In ka kwanta, karatun ya kwanta. Lokacina shi ne bayan Asuba kafin yara su tashi, sai daren Asabar in an samu wuta ko batirin sola ya riƙe.

Wani abu da zan faɗa wa duk mai sha'awa: waya kaɗai ba ta koyar da Larabci. Jami'a za ta ba ka tarihin adabi, da awon waƙa, da hanyar bincike, da yadda ake tuhumar rubutu a tambayi wa ya rubuta, yaushe, don me. Amma warware baiti kalma bayan kalma, wannan aikin zaure ne. Shi ya sa na koma gaban wani malami a unguwarmu tsakanin Magariba da Isha, muna bin Muƙamatul Hariri. Cikin masu ɗaukar karatun akwai sa'o'in ɗana na fari, kuma wallahi sun fi ni saurin hadda nesa ba kusa ba. Malaman zauren nan da suka bi Ahalari da Iziyya da Risala da Ishiriniya, ba su da takardar shaida, amma abin da ke kansu ba wasa ba ne. Su suna da abin da jami'a ba ta da shi, ita ma tana da abin da ba su da shi. Mai rabo shi ne wanda ya haɗa biyun.

'Yan'uwana ma'aikata, shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa, ɗaya zai riske mu. Ranar da aka karɓe makullin ofis, me ya rage a hannunka? Ba lallai Larabci ba. Wata Hausa take so, wani Tarihi. Abin da ka daɗe kana cewa "da na samu dama", damar tana cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita.

Roƙona na ƙarshe: duk wanda ke da tsofaffin takardu a gida, ya fito da su daga wurin laima, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya kai wa malami ya karanta masa tun masu iyawa suna raye.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.