Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a birnin Katsina cikin shekarun 1990 zai tuna da wata 'yar na'urar roba mai aiki da batir, wadda ake kira Brick Game. Da kuɗin barka da salla muke sayenta a kasuwa, mu zauna a zaure ana karɓa-karɓa. Tubala ke zubowa daga sama, mutum ya juya su ya jera. Layin da ya cika sai ya ɓace, inda aka bar giɓi kuwa ya yi ta taruwa har wasa ya mutu.

Asalin sunan wasan Tetris. Wani masanin kwamfuta ne mai suna Alexey Pajitnov ya ƙago shi a birnin Mosko a 1984, zamanin Tarayyar Sobiyat. Siffofi bakwai ne kacal a cikinsa, kowace da gida huɗu. Sauƙin nan ne ya sa ya bazu. A 1988 kamfanin Atari ya sa shi cikin manyan akwatunan wasa waɗanda sai an jefa kwabo suke tashi. A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya haɗa shi da na'urarsa ta hannu, Game Boy, aka sayar da kusan miliyan 35.

To, ina rabon mai shi? A tsarin Sobiyat, hakkin wasan yana hannun gwamnati, kuma wata hukumarta mai suna Elorg ce ke ƙulla ciniki da kamfanonin waje. Sai a 1996, bayan ya koma Amurka, Pajitnov ya kafa kamfanin Tetris tare da abokinsa Henk Rogers, sannan ya fara cin guminsa. Shekara 12 ke nan yana kallo. Waɗanda muka saya a nan kuwa kwaikwayo ne daga ƙasar Sin, ko sisinmu bai isa gare shi ba.

Mu marubutan Hausa ba baƙin wannan labari ba ne. Mun ga littafi ɗaya ya zaga unguwa ta hannun masu ba da haya. Yanzu kuma ana ɗaukar hotonsa a watsa a WhatsApp, marubucin ko kuɗin bugu na biyu bai haɗa ba. Nijeriya ta yi dokar hakkin mallaka tun 1988, aka sa hannu kan sabuwa a 2023, amma doka ba ta zuwa gidan wanda bai neme ta ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu miƙa rubutunmu ga mai bugawa ko mai shirya fim, a rubuta yarjejeniya, a sa hannu gaban shaidu. Kunya ba ta sayen takarda. Allah Ya sa mu ci moriyar alƙalumanmu tun muna raye, amin.