Mahaifina da Mamman Shata

Ni akawu ne, watau aikin nan da a zamanin iyayenmu a ke ce wa mai yinsa malamin En'e. Aikina in rubuta sunan mutum da na ubansa da garinsu da abin da ya kawo shi, in buga hatimi, in ajiye. A Maska aka haife ni, nan na yi karatun allo, na yi firamare, iyakar karatuna ke nan. Da aka nemi in rubuta wani abu domin 'yan'uwana waɗanda suka gama ajin Yaƙi da Jahilci, na daɗe ina juya al'amarin a raina, sa'an nan na ga babu abin da ya fi in ba ku labarin wani maƙwabcinmu wanda bai yi makarantar boko ba, amma ya ajiye sunayen mutane fiye da yadda ni da alƙalamina muka iya ajiyewa. Alhaji Mamman Shata na ke nufi. Sai dai ba zan iya ba da labarinsa ba sai na haɗa da na mahaifina, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Mahaifina manomin auduga ne, yana kuma da 'yan almajirai a zaure. Mutum ne mai sauƙin kai a kan kome, ban da abu guda, ba a kiɗa a gidansa. Yana da rediyo wadda ya ke lulluɓewa da ƙyalle saboda ƙura, ba ya buɗe ta sai lokacin labaru. Da an gama labaru, in ya ji an taɓa kalangu, kafin mawaƙi ya buɗe baki ya murɗe ta. In muka yi tsaki a ɓoye, sai ya ce, "Roƙo ba sana'a ba ce. Ubansa ma da ya haife shi bai so ba."

Wannan magana tasa kuwa gaskiya ce. An haifi Shata a Musawa cikin 1923, sunan ubansa Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, ba su gaji kiɗa ba. A ƙasar Hausa kowa ya sani kiɗa gado ne, kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma ɗan gidan da ba a gada ba in ya shiga, cewa a ke ya zubar da mutuncin gidansu. Saboda haka uban ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana. Yaron ya yi karatun allo, ya yi tallan goro, ya yi na alewa, amma duk inda ya aje faifan talla sai waƙa ta ɓalle masa, samari da 'yan mata su kewaye shi a dandali. Tun yana yi don nishaɗi, ba ya karɓar ko anini, har abin ya fi ƙarfin mai hanawa.

Daga Musawa ya dawo Bakori, nan kusa da mu, wurin wani ɗan sarautar Musawa mai suna Abdullahi Inde, wanda ke aikin En'e a can, yana kula da cinikin auduga da gyaɗa. Ku riƙe sunan nan, za mu komo gare shi. Ban ga abin mamaki ba da tauraron Shata ya fara haske a wannan yanki namu. Mawaƙi kamar tsuntsu ne, inda hatsi ya nuna nan ya ke sauka. Ƙasar Funtuwa da Bakori da Malumfashi ƙasar auduga ce, ga jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa daga Zariya zuwa Gusau, ga gidan gurzar auduga, ga 'yan kasuwa da direbobi da leburori daga ko'ina. Da kaka ta yi, an kai auduga kan sikeli, kuɗi sun shiga hannun talaka, sai bukukuwan aure su tashi ko ta ina, kowane biki kuwa yana neman makaɗi. Cikin 1952 aka yi wani babban biki a Kano wanda a ke kira Bikin 'Yan Sarki, nan Shata ya yi wasan da ya sa sunansa ya wuce ƙasar Katsina. Cikin 1960 ya tare a Funtuwa, ya zauna nan kusan shekara arba'in. Don haka mu mutanen Maska ba ma ɗaukarsa baƙo, ko da ya ke duniya da Shata Katsina ta san shi.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda ya ke aikinsa, gama nan abin al'ajabin ya ke. Kayan kiɗansa kalangu ne, ganga mai siririn ƙugu wadda a ke ratayawa a hamata. Tana da tsirkiyoyi daga wannan baki zuwa wancan, in makaɗi ya matse su da dantse sai murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, shi ya sa ta ke iya bin maganar Hausa tamkar tana da harshe. Asalinta ta mahauta ce da 'yan matan dandali, ba kayan fada ba ce kamar taushi ko kotso. Da wannan ganga ta talakawa Shata ya shiga gaban sarakuna. Makaɗansa su ne 'yan amshinsa. Shi zai yanka musu amshi guda, ɗan gajere, su riƙe, su yi ta maimaitawa, shi kuwa ya yi ta zuba magana a tsakani, ya ɗauko wannan, ya saki, ya ɗauko wancan, ya yi kirari, ya yi habaici, ya ba da labarin tafiya, sa'an nan ya komo daidai inda amshi ke jiransa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ba ya zama ya tsara waƙa a takarda. A filin wasa ya ke ƙera ta, mutumin da a ke yi wa yana zaune yana ji. Ni da na ke ɓata takarda uku kafin in gama wasiƙa guda zuwa ga na gaba da ni, na san nauyin wannan abu. Shi ya sa ko waƙa ɗaya ce, irin Bakandamiya wadda ya ke wasa kansa a ciki, yadda ya rera ta a wannan gari dabam, yadda ya rera ta a wancan dabam. Da a ke tambayarsa yawan waƙoƙinsa, shi kansa bai san adadinsu ba.

Ya yi wa sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar wanda ya riƙe shi hannu bibbiyu. Ya yi wa attajirai da direbobi da mata da sojoji, ya yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Har da Amurkawa suka sauka a kan wata cikin 1969, sai da ya yi wa kumbon nan Apollo 11 waƙa, mutanen ƙauye da yawa a bakinsa suka fara jin labarin. Waƙa ta kai shi Nijar da Gana da Ingila da Amurka.

Abin da ya raba shi da mawaƙan da suka riga shi, ya zo daidai da zamanin na'ura. Na dā, in sun mutu, muryarsu ta bi su kabari. Shi kuwa kamfanin EMI ya ɗauki muryarsa a faifan garmaho, Rediyon Kaduna ta kai ta kowace bukka, daga baya kaset ya zo. Cikin 1962 aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, wanda ya koma hannun NTA bayan an kafa ta cikin 1977, aka yi ta ɗaukar wasanninsa ana nunawa. To, a nan ne ni na fara ganinsa.

Ina ɗan shekara takwas aka aike ni Funtuwa gidan kawuna in kwana biyu. Kawu yana da akwatin talabijin mai hoto fari da baƙi, da dare a kan fito da shi tsakar gida, yaran unguwa su cika wurin har bisa katanga. Ran nan sai ga mutumin da a ke murɗe wa rediyo a gidanmu. Ni a zatona zan ga wani mai tsalle-tsalle da wage baki, irin yadda na ɗauki maroƙi. Sai na ga dattijo cikin babbar riga, yana tsaye riƙe da abin magana, makaɗa sun jeru suna kallon bakinsa, shi kuwa ko gezau, sai ka ce alƙali yana yanke hukunci. Na koma Maska da amshin waƙar a bakina, ban sani ba ina yi a bakin rijiya. Mahaifina ya ji. Ya ce, "Kai, zo nan. Wa ya koya maka wannan?" Na ce, "Baba, a gidan Kawu na gani." Ran nan na sha tsumagiya, aka kuma daina aikena Funtuwa har shekara ta zagayo.

A cikin shekarar nan ce, watau 1988, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na Dakta. Wannan karon cikin labaru aka faɗa, saboda haka ba dama a murɗe rediyo. Mahaifina ya saurara har ƙarshe, ya yi shiru, sa'an nan ya ce wa abokan hirarsa, "To, masu ilmi sun ce malami ne. Mu me za mu ce?" Ban gane ko ba'a ya ke yi ko kuwa da gaske ya ke ba.

Ba zan ɓoye muku ba, mahaifina yana da hujja. Shata ya yi wa mashaya waƙa, malamai kuwa ba su yafe masa wannan ba. Harshensa yana da kaifi, wanda ya yi wa zambo ya kan daɗe bai ɗaga kai cikin jama'a ba, kuma akwai masu yi masa kyauta don tsoro, ba don ƙauna ba. Akwai kuma waɗanda son a ambace su ya sa suka yi kyautar da ta fi ƙarfinsu. Ya taɓa siyasa, ya yi kansila a Kankiya, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa har aka sauke shi. A ganina mutumin da ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarki ba zai iya zaman kwamiti ba.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. An taɓa tura ni wani ofishi in tsara tsofaffin takardu na zamanin En'e. Da na buɗe ɗakin ajiya sai na tarar gara ta riga ni. Littattafan haraji, da na jangali, da na cinikin auduga, masu kyakkyawan rubutu irin na malaman dā, ka ɗauka sai su zube a hannunka kamar dussa. Mutane dubbai ke ciki, kowa da sunansa da na ubansa, ga kuma sa hannun akawunan da suka rubuta. Na zauna bisa wani akwati na tuna da Abdullahi Inde. Shi ma ma'aikacin En'e ne, ya cika irin waɗannan littattafai. Yau wa ya san shi saboda su? An san shi ne domin ya sauki wani yaro mai waƙa daga garinsu. Haka Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu, yaran da ba su taɓa taka ƙasar Gwandu ba sun san sunansa, yana fitowa daga wayoyin hannunsu. Ba ina rena rubutu ba ne, da shi na ke ci, kuma ba don Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun zauna sun rubuta tarihin Shata cikin littafin da suka fitar a 2006 ba, da yawancin abin da na gaya muku ya bi iska. Sai dai ran nan na san ba mu kaɗai ke riƙe da rajista ba.

Shata ya rasu ran Jumma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan ya yi jinya. Aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa. Lokacin damina ta kankama, muna tsakiyar shukar auduga. Washegari da safe ina gona tare da mahaifina, na rasa yadda zan gaya masa, ina tsoron kada ya ce mene ne ruwansa. Da muka zauna shan fura a gindin ɗorawa, na ce, "Baba, ka ji Shata ya rasu?"

Ya ce, "Na ji tun jiya." Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, irin wadda ya ke yi wa 'yan'uwa, na shafa. Sa'an nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ko mahaifiyata ba ta sani ba.

Ya ce yana saurayi, bai yi aure ba, kakana ya ɗora masa auduga bisa jakuna biyu ya kai Funtuwa. Ya sayar, ya ƙulle kuɗin a lalita, ciki har da na harajin gidan. Daren nan aka ce Shata ya zo daga Bakori zai yi wasa. Ya ce bari ya leƙa kaɗan. Ya leƙa, ya ga ana kiran sunayen samari 'yan'uwansa, 'yan mata na guɗa, shi kuwa ba wanda ya san da shi, ɗan ƙauye mai ƙurar auduga a ka. Sai ya kwance lalita ya miƙa wa sanƙira sule goma, ya faɗa masa sunansa da garinsu. Da ya komo Maska kuɗin haraji bai cika ba. Kakana bai buge shi ba, bai ko yi masa faɗa ba. Ya kama akuyar kakata ya kai kasuwa da kansa, ya cike kuɗin, ya kai wa mai unguwa. Mahaifina ya ce da dūka aka yi masa da ya manta, amma tafiyar tsohon nan da akuya a gaba, mutane na tambayarsa lafiya, ita ce ba ta bar idonsa ba. Tun ran nan ya yi alkawari ba za a yi kiɗa a gidan da ya ke iko da shi ba.

Na yi shiru, ina kallon ƙwaryar fura. Can na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, to ya ambaci sunan naka?"

Ya ce, "Sau uku. Har da Maska."

Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki ƙwaryar iri, ya ce in zo mu ƙarasa kunyar da ta rage kafin hadarin nan ya iso.