Daga Ikko Zuwa Ankara a Mota

Tsakanin Ikko da Ankara, babban birnin Gana, tafiyar ba ta kai mil 300 ba, hanyar kuwa tana bin gaɓar teku ne tun daga farko har ƙarshe. Amma a cikin wannan ɗan tsakani mutum zai taka ƙasa huɗu, ya ƙetare iyaka uku, ya riƙe kuɗi iri uku, wato naira da sefa da sidi. Ni na bi ta a hutun Kirsimati na 2023 don in gai da kawuna, ina so kuwa in ba 'yan'uwana na kwalejin nan labarin abin da na gani.

Muka tashi daga Ikko da asuba a cikin babbar mota. Da hantsi muka wuce Badagiri, garin da muka sha jin sunansa a makarantar Mishan, gama nan ne masu wa'azi suka sauka a 1842, nan kuma suka gina gidan bene a 1845. Daga can sai Seme, bakin iyakar Nijeriya da Binin. An buɗe babban ofishin da ma'aikatan ƙasashen biyu ke aiki tare a 2018, duk da haka sai da kowa ya sauko, aka duba fasfo da katin allurar shawara, 'yan kwastan kuma suka kwance kaya. Rana ta yi tsaka kafin mu shiga Kwatano.

To, daga nan Turancin da nake taƙama da shi ya daina yi mini amfani, don mutanen Binin da Togo Faransanci suke yi. Abin da ya fisshe ni Hausa ce. Masu canjin kuɗi da masu shayi da na tarar a tasha da ita muka yi ciniki. Wani dattijo ya ƙirga mini sefa, ya ce, "Ɗana, ka adana canjinka, kuɗin nan har Lome za su yi maka." Gaskiyarsa kuwa, ƙasashen biyu kuɗinsu ɗaya ne. Kakanninmu fatake sun daɗe da kafa zango a Kwatano da Lome da Ankara, harshensu ya riga mu isa.

Muka wuce ta kusa da Wida, inda dā ake loda bayi a jirgin ruwa, muka yi ta ratsa itatuwan kwakwa, teku tana hannun hagu, har muka shiga Togo. A nan sai a mai da agogo baya da sa'a guda. Faɗin ƙasar a bakin teku wajen mil 35 ne kurum, birnin Lome kuwa jingine yake da iyakar Gana. Da ka fita ƙarshen gari ka shiga Afulawo. Mutanen ɓangarorin biyu duk Ewe ne, harshensu ɗaya, suna auratayya. Ingilishi da Jamus ne suka ja layi tsakaninsu a ƙarshen ƙarni na 19, ga shi har yau sai mutum ya nuna takarda kafin ya je gaisuwar surukinsa.

A ɗaya daga cikin iyakokin nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wata tsohuwa mai sayar da atamfa tana zaune kusa da ni, takardunta cikakku ne, amma ba ta iya karatu ba. Wani ma'aikaci ya ce mata akwai sauran kuɗin shiga ƙasa, ta fara kwance bakin zanenta. Na ce, "Iya, dakata tukuna." Na karɓi takardar na cika mata, na roƙi mutumin da ladabi ya ba ta rasit na abin da za ta biya. Ya dube ni, ya buga hatimi, ya ce mu wuce. Ta ce mini duk zuwa sai ta biya, ba ta taɓa sanin akwai abin tambaya ba. Ga shi kuwa tun 1979 ƙasashen ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a Ikko a 1975, suka yarda ɗan kowace ƙasa ya shiga ta ɗan'uwansa har kwana 90 ba tare da biza ba. Dokar tana nan a rubuce, amma wanda bai iya karanta ta ba kamar babu ita ne a wurinsa.

Cikin Gana muka ƙetare kogin Bolta a Sogakofe. Kafin a gama gadar a 1967, jirgin fito ne ke ɗaukar motoci, in ka makara sai ka jira. Yanzu kogin minti kaɗan yake ci. Haka kuma dā direba yakan sake hannu a kan hanya, don ƙasashen Ingilishi suna bin hagu, na Faransa dama, sai Nijeriya ta koma dama a 1972, Gana a 1974. Wato an shawo kan ruwa da hanya, saura teburin ma'aikaci. Dare ya yi sosai kafin mu wuce Tema mu sauka Ankara, kusan rabin lokacin kuwa a tsaye muka ɓatar da shi.

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a ba kowannenmu aji. Yaran da za mu koya wa, waɗansunsu direbobi za su zama, waɗansu 'yan kasuwa, waɗansu kuma su ne za su zauna bayan teburin nan da hatimi a hannu. In mun zo darasin labarin ƙasa, kada mu tsaya ga haddar sunayen birane. Mu koya musu cika takarda, da lissafin canjin kuɗi, da gaisuwa da Faransanci, da sanin abin da doka ta ba matafiyi. Wanda zai riƙe hatimi kuma mu koya masa tun yana ƙarami cewa kuɗin tsohuwa ba nasa ba ne. Allah ya ba mu ikon yi.