Jirgin Ƙasa a Ɗakin Kakana

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karatu, ina so in ba ku labarin abin da ya cinye mini dogon hutu, har na komo makaranta da ƙuna a yatsu biyu. Waɗanda muke ɗakin kwana ɗaya sun dame ni da tambaya, to, ga amsarku.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya yi shekara 30 da ɗoriya yana aiki a ƙananan tashoshin da ke tsakanin Zariya da Ƙaura Namoda, a kan dogon nan da aka gama a 1929. Bara ciwo ya shanye masa ɓarin hagu. Tun daga ran nan mutumin da a da ba ya barin kowa ya sa baki a zaure ya koma shiru. Ko tsokanar da yake yi mini, wai ina neman ƙwace masa mata, ya daina. Sai ya wuni a kujera yana duban bango.

Ana nan sai kawuna ya zo ganin gida daga Jamus, ya kawo wani kwali. Da muka buɗe sai ga kawunan jirgi guda 2, da taragu 6, da guntayen dogo, duk 'yan mitsi-mitsi. Na ɗauka kayan wasan yara ne, ashe a can manya masu furfura ne suka fi yin wannan sha'ani. Kawu ya ce a birnin Hambug akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda kwamfuta ke tafiyar da ɗaruruwan irin waɗannan jirage, 'yan kallo kuma suna latsa maɓallai su ga abubuwa na motsi. Irin namu ana ce masa HO, watau an rage jirgin gaskiya sau 87. Tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 ne, kusan faɗin ɗan yatsa.

A tsohon yayi, in ka ƙara wuta duk jirgin da ke bisa dogo sai ya ruga, in ka rage duk su lafa. Namu kuwa na tsarin DCC ne. Wuta tana kan dogo kullum, umurni kuma yana tafe a cikinta. Kowane kan jirgi yana da ɗan allon lantarki a cikinsa da lambarsa, kamar dai yadda malam ke kiran lamba a aji, kowa ya ji amma mutum ɗaya ke amsawa. Malaminmu na kimiyya, Allah ya saka masa da alheri, shi ya nuna mini yadda zan haɗa tsohuwar kwamfutar yayata da dogon ta hanyar wani ɗan allo da ake kira Arduino, da wata manhaja ta kyauta mai suna JMRI. Ran farko na kira ɗaya, sai duka biyun suka tashi. Ashe daga masana'anta kowane yakan fito da lamba 3. Na mai da ɗaya 4.

Na shimfiɗa dogon bisa katako a ɗakin Baba Tsoho, tasha a wannan gefe, tasha a wancan, dogo guda a tsakani. Na yi tsammanin zai yi murna. Ina! Na miƙa masa kwamfuta, idonsa bai ga 'yar kibiyar ba, hannunsa na dama kuma rawa yake. Ya ture ta, ya koma ga bangonsa.

Ran Laraba ta mako na biyu ina ta burga gaban ƙannena, na saki lamba 3 daga gabas, na manta lamba 4 na tafe daga yamma. Kafin in gano wurin tsayarwa sun yi karo, ƙwas! Lamba 4 ya kife, ya faɗo bisa siminti, fitilarsa ta fashe, maƙalinsa na gaba ya karye. Gabana ya faɗi, don babu inda zan sami wani a kasuwar garinmu. Sai na ji murya a bayana.

"Wa ya ba shi sanda?"

Na ce, "Wace sanda, Baba?"

Ya ce, "Kai ja'iri, ashe kashe mutane za ka yi! Jawo kujera."

Rabon da ya yi doguwar magana haka wata 8 ke nan. Harshensa ya yi nauyi, amma na fahimta. Ya ce inda dogo guda ne, direba ba shi da ikon shiga tsakanin tasha da tasha sai an danƙa masa wata sandar ƙarfe ta wannan yanki. Ana zare ta daga wata na'ura wadda waya ta haɗa da 'yar'uwarta a tasha ta gaba, kuma muddin an zare guda, ba mai iya zare wata, ko nan ko can, sai an mayar. Ko Gwamna ne a cikin jirgin, in ji shi, ba sanda ba tafiya. Nan na gane laifin ba na kwamfuta ba ne. Abin da na gaya mata ta yi, ni ne ban san aikin reluwe ba.

Daga nan ya zama shugaban tasha, ni kuwa lebura. Da farko sai kwamfuta ta san inda jirgi yake. Na binne 'yan makunnai na gilashi, masu kamar ƙwayar shinkafa, a bakin kowace tasha, na manna maganaɗisu ƙarƙashin kawunan jirgin, in ya wuce makunnin ya rufe. Wajen narka dalma don haɗa wayoyinsu ne na ƙone yatsu. Sa'an nan na rubuta mata doka ɗaya: yankin tsakiya sanda guda gare shi, wanda ya karɓa shi kaɗai zai shiga, ba ta dawowa sai ya isa.

Saura yadda Baba zai ba da umurni da kansa. Na sayo maɓallan ƙararrawar ƙofa guda 6 a kasuwa, manya waɗanda ko da tafin hannu a latsa, na kafa su a katako, na buga a bangon nan da yake wuni yana kallo, daidai hannunsa na dama. Shi ya zana taswirar dogon a jiki, ya kuma dage sai an yi wa na tsayar da kome jan fenti. Waɗannan maɓallai ba su tuƙa jirgi, roƙo kawai suke kai wa kwamfuta, ita ta duba ko hanya a buɗe take.

Sun ba ni wuya ƙwarai. A latsa sau ɗaya, kwamfuta ta lissafa uku, jirgi ya tashi ya tsaya ya tashi. Malam ya ce ƙarfen cikin maɓalli ne ke tsalle-tsalle kafin ya zauna, ido ba ya gani amma Arduino yana ji. Maganinsa a sa shi ya ɗan dakata, kamar kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, kafin ya gaskata. Haka kuma in an ɗauke wuta sai ta manta wa ke riƙe da sanda. Baba ya ce wannan ba sabon abu ba ne, in waya ta yanke ba wanda ke motsi sai an tabbatar da ido. Saboda haka yanzu in wuta ta dawo kome a kulle yake, sai an komar da kowane jirgi tasharsa.

Ran gwaji ya saki lamba 3, yana tsakiyar hanya kuma da gangan ya latsa wa lamba 4. Ko motsi bai yi ba. Ya sake latsawa, shiru. Sai tsoho ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye, ya ce, "Madalla! Wannan ma'aikaciya ce. Ko ni ba zan ba ka ba." Kakarmu ta leƙo da gudu, ta zaci wani abu ya same shi. Ya nuna ni ya ce mata, "Ga mijinki nan, ya fara hankali."

Ba zan ce jirgi ya warkar da shi ba, hannun hagu yana nan yadda yake, lamba 4 kuma har yau da ido ɗaya yake yawo. Kafin in taho na koya wa ƙanwata goge dogo kowace safiya, don ƙura kaɗan ke hana wuta shiga ƙafafun. Shekaranjiya an aiko mini da saƙonsa: maɓalli na 5 ya maƙale, kuma in zo da ƙarin dogo, yana son reshe ya bi ta bayan ƙofa zuwa Funtuwa. Innarmu ta ce sai dai in ita za ta koma kwana a tsakar gida.