Hoton Kogon Ngwo

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, ni dai a zangon karatun da ya wuce na ɗauko wani hoto wanda bai kori kome ba, har ya kusa jawo mini kunya a gaban malamin da ke duba koyarwarmu.

Ga yadda abin ya faru. An tura ni koyarwar gwaji a wata makarantar firamare kusa da gidanmu a Obiagu, cikin Inugu, aka ba ni darasin labarin ƙasa. Yaran ajin, Hausawa da Ibo, sun san an sami kwal a tuddan nan a 1909, sun san jirgin ƙasa ya haɗa garin da Fatakwal a 1916, amma yawancinsu ba su taɓa hawa tuddan ba. Sai na yi niyyar in kawo musu tuddan cikin aji. Ran Asabar na bi hanyar tudun Milliken zuwa Ngwo, na ratsa dajin dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura, na gangara kogon da ruwa ke zubowa ta wata kafa a rufinsa. Rana tsaka ce. Na ɗaga waya na ɗauka, na komo ina murna.

Da na nuna wa ƙanwata, sai ta ce, "Yaya, ina ruwan?" Na duba, ashe gaskiyarta. Kafar da ruwan duk sun zama fari fat kamar alli, bangon kogon kuwa baƙi ƙirin. Ido yakan saba da haske da duhu nan da nan, amma kyamara ba ta iya ɗaukar su duka a lokaci guda.

Na kai kukana wurin wani dattijo mai shagon hoto a unguwarmu, wanda ya yi zamanin fim. Ya ce, "Ɗana, zauna. Cutar nan ta girme ka." Ya gaya mini yadda suke yi a ɗakin duhu. Haske ne ke baƙanta takardar hoto. Saboda haka inda ya yi fari da yawa sai su ƙara masa haske, inda kuwa zai yi duhu sai su kāre shi da hannu ko da guntun kwali a bakin waya, suna motsawa don kada gefen ya fito. Daga baya na karanta cewa wani Ba'amurke, Ansel Adams, da abokinsa Fred Archer, wajen 1940 sun raba haske mataki 11, daga baƙi zuwa fari, don mai hoto ya san inda kowane abu zai faɗa tun kafin ya ɗauka.

Aikin nan shi ne yau ake yi da yatsa. Muka buɗe manhajar Snapseed, muka ja ma'aunin inuwa sama kaɗan kaɗan. Abin mamaki, sai ga duwatsu da gansakuka suna fitowa daga cikin duhu, ko da yake da muka matsa ƙwarai hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Muka rage ma'aunin haske. Nan fa ba abin da ya fito. Farin ya koma toka-toka kurum. Dalili kuwa, hoto irin na JPEG yana ƙirga haske daga 0 zuwa 255. Abin da ya kai 255 ya ƙone, ba sauran zane a ciki da za a komo da shi.

Wani abokina ya ce in yanko ruwan wani wuri in manna, ba wanda zai gane. Ba na ɓoye muku, zuciyata ta raya mini in yi, don saura kwana 6 a zo duba ni. Amma na tuna malaminmu na makarantar mishan, wanda ya kan ce yaro ya fi gaskata abin da malami ya nuna masa bisa abin da ya faɗa. Idan wata rana ɗaya daga cikinsu ya je Ngwo ya tarar ba haka ruwan yake ba, me zai ƙara yarda da shi daga bakina?

Sai na sake biyan kuɗin mota, na koma da sassafe ana lumshi. Na taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar, na rage hasken har igiyoyin ruwan suka fito sarai. Bangon ya yi duhu, amma ban damu ba. A gida na ɗaga inuwar, na tsaya daidai inda ya yi kama da abin da idona ya gani.

Ran darasi wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta ina ruwan ya shiga dutse?" Tambayar nan ita ta ɗauke mu har aka buga ƙararrawa.

Saboda haka, 'yan'uwana masu shirin fita koyarwa, in za ku ɗauki hoton rafi ko gajimare ko farar balbela, ku kula da wurin haske tun a daji. Inuwa tana iya jira ku komo gida.