Wasiƙa daga Bukoki

Zuwa ga Yayana,

Ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso ta hannun direban nan mai biyowa ta Maraɗi, na kuma ji maganar da ka ce ta yi, cewa sallah uku ke nan ba ta gan ni ba. Maganar ta kwana a raina.

Yaya, ka san aikin tela. Lokacin da kowa ke ɗaure kaya zai tafi gida, lokacin ne mu muke kwana a kan keke. A Fagge ma haka ne, sai dai a can mu goma muke jiran mutum ɗaya. A nan Yamai kuwa ɗinkin Kano yana da suna, kuma jaka ɗaya ta sefa in ta tsallaka boda ta haura naira dubu biyu. Da ita aka sake wa ɗakin Inna kwano, da ita yara suke makaranta. Ka tuna kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe boda, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ka faɗa mata ba daɗin gari ne ya riƙe ni ba.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna, ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Maigidan da nake haya a wajensa Bazabarme ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, matarsa kuma mutuniyar Dogondutsi ce. Mutanen kirki ne, da asuba yakan riga ni zuwa masallaci. Amma da an idar da isha'i, saboda zafi, sai a fito da tele, haka suke ce wa talabijin, a ɗora a kan teburi a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi. Tsoho ya zauna a kujerarsa ta ƙarfe mai saƙar igiya, Hajiya a gefensa, 'yan mata biyu a gaba, ga ɗansa da matar ɗan. Wani lokaci har mijin babbar 'yar yakan zo ya zauna. Suruki, Yaya! Tabarma ɗaya da uwar matarsa, yana miƙa mata kofin shayi.

Da kallon ne kawai da na yi shiru. Surutun ne ya fi ƙarfina. Akwai wani tsohon wasan barkwanci na ƙasar Kwaddibuwa da ake kira Ma Famille, wanda wata mata Akissi Delta ta fara a 2002, har yau ba su gaji da shi ba. A ciki akwai Bohiri, mijin Delta, mai bin mata kamar ɗan akuya, akwai kuma Gohou wanda matarsa Clémentine take jibga. Faransancina bai wuce na ciniki da gaisuwa ba, amma gardamar da Hausa da Zabarmanci ake yin ta, don haka ina jin rabinta daga bakin ƙofata. Ƙaramar 'yar, wadda ba ta gama sakandare ba, ta ce: “Ni da ni ce Delta, da tuni na kwashe kayana.” A gaban ubanta. Na jira in ji tsawa, sai na ji tsoho yana dariya yana cewa ai Bohiri ba mugu ba ne, rauni ne ya yi masa yawa. Matar ɗansa ta ce a'a Baba, wanda ya yi ƙarya sau ɗari ya wuce rauni. Surukarsa ce fa take mayar masa da magana a kan neman mata, kanta a ɗage. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, duk da zafin, don ni kunya ta kama.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai wani na Senegal da suka saka a gaba, da fassarar Faransanci, sunansa kaɗai ya isa: Maîtresse d'un homme marié, wato farkar mai aure. Cheikh yana da matarsa Lalla, yana kuma da Marème a waje. Gidan nan ya rabu biyu a kansu. Hajiya da matar ɗa 'yan Lalla ne, sun ce ita ce ta sha wahalar gina gida. 'Yan matan kuwa Marème suke so, wai don ba ta munafunci, abin da ke cikinta shi ne a bakinta. Tsoho ya ce tunda daga baya an ɗaura aure, magana ta ƙare. Hajiya ta juyo ta dube shi ta ce ɗaurin aure ba ya wanke cin amanar da aka yi kafinsa. Suna kiran sunayen nan kamar maƙwabta ne, su yi fushi, su ƙi yi wa juna magana har a kwanta. Ina wannan ya dace? Kunya fa ba ado ba ce da za a cire in an ji zafi. Yarinyar da ta saba yanke wa magidanta hukunci a gaban ubanta, gobe wane miji ne zai ce mata zauna ta zauna? Kuma ba ni kaɗai na ga haka ba. Ɗan maigidan da bakinsa ya gaya mini cewa a can Dakar ma, a 2019, ƙungiyar Musulunci ta Jamra ta kai ƙarar wasan gaban hukumar da ke sa ido a kan gidajen talabijin.

Na san za ka ce mu ma muna yi. Gaskiya ne. Ban manta yadda matan gidanmu suke raba gardama a kan Kamaye da Adama na Daɗin Kowa ba, ko yadda aka yi ta musu a shagonmu kan wanda ya dace da Sumayya a Labarina, Mahmud ko Lukman. A nan ma samarin fada, wato majalisar hira, suna kallonsu a waya suna shan shayi, har sukan tambaye ni ko na taɓa ganin 'yan wasan ido da ido. Amma mu, da an ji gyaran muryar Baba a zaure, Allah Ya jiƙansa, ai ka san abin da ke biyowa.

To ga abin da ya hana ni barci. Watan jiya babbar 'yar ta dawo gida da jaka ɗaya da goyonta. Ba wanda ya ce komai, ni ma ban tambaya ba. Kwana kusan goma tana zama a ƙarshen tabarma, ba ta shiga gardama. Ran nan aka nuna inda Birame, wani mashayi a wasan, yake dukan matarsa Djalika. Kowa ya yi tsit. Sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, idonta a kan tele: “Irin wannan ba a fuska yake bari a gani ba. Shi ya sa iyaye suke cewa ki koma.” Ina zaune ina ɗinke maɓalli da hannu, na ga carbin tsoho ya tsaya a tsakanin yatsunsa. Bai dube ta ba, ita ma ba ta dube shi ba. Washegari da la'asar sai ga manyan dangin mijin, aka shiga ɗaki aka daɗe. Har yau tana nan gida.

Yaya, ƙanwarmu Auta ta yi yaji sau biyu. Duka biyun ni da kai muka saka ta a adaidaita muka mayar da ita, muna ce mata ta yi haƙuri, zaman aure ibada ne. Ban tuna mun tambaye ta me ya faru ba. Ko mun tambaya, da wane baki za ta faɗa wa yayyenta maza? Na dinga tuna yadda ta riƙe bakin mayafinta a hanya, ba ta ce uffan ba har muka isa. Ba cewa nake a kunna mata wasan Senegal ba, Allah Ya kiyaye, kuma shi ya sa har yanzu ban yarda in ɗauko mai ɗakina da yara in kawo su tsakar gidan nan ba. Roƙona shi ne ka sa matarka ta je wajenta ranar da mijin ba ya nan, su zauna su biyu, kada ta yi mata wa'azi, ta saurara kawai. Abin da ta ji ka rubuto mini, kada ka rage.

Ban da wannan, gari lafiya. Mutanen nan ba su da hayaniya a ciniki, in sun yi alkawarin biya suna cikawa, wannan kam ba zan hana su ba. Kilishinsu ma ba laifi, ko da yake ban ce ya kai na gida ba. Ran Juma'a da yamma nakan taka zuwa gadar Kennedy in tsaya ina kallon Kwara, sai in ji ba abin da nake so kamar gurasa bandashe da hayaniyar masallacin Fagge bayan an sallame.

Na ba direban jaka talatin. Ashirin na maganin Inna, biyar na mai ɗakina a kan wanda na aika mata, biyar kuma ka ba Auta a hannunta, ba ta hannun kowa ba. In zai dawo a haɗo mini kuka da daddawa. Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta sa mini albarka, in Allah Ya yarda babbar sallah a gida zan yi ta.

Naka,
Ƙaninka